Ƙurajen zona sun warke, hannu bai daina ƙuna ba: inda ake yin kuskure

Kawuna tela ne a Garwa ta Kamaru. Zona, wato ciwon ƙuraje mai bin jijiya, ta fito masa daga kafaɗar dama ta gangaro har gwiwar hannu, ƙuraje masu ruwa a jere, gefe ɗaya kawai. Cikin mako uku suka bushe. Amma wata huɗu bayan haka, ko hannun riga ne ya goge wurin sai ya zabura ya ce, "Ɗana, kamar an ɗora mini garwashi." A jinyarsa muka tafka yawancin kurakuran da zan faɗa.

Na farko, mun ɗauka sauran ciwon fata ne. Ashe ƙwayar ƙarambau ce, wadda tun yarinta take kwance a tushen jijiya kusa da laka. Idan garkuwar jiki ta yi rauni sai ta biyo jijiyar ta fito fata. Fata kan warke, jijiyar da ta ji rauni ta ci gaba da kai saƙon zafi alhali babu abin da ke cin wurin. Idan raɗaɗin ya wuce wata 3, to ciwon jijiya ne na bayan zona, kuma ya fi kama waɗanda suka haura shekara 60. Saboda haka fasa kafson amfisilin a barbaɗa ɓata kuɗi ne. Asikilobir ma, maganin ƙwayar zona, amfaninsa cikin awa 72 na farkon fitowar ƙuraje ne, ba bayan sun bushe ba.

Farasitamol da dikilofenak ba sa yin wani abin kirki a ciwon jijiya. Dattijon da ya dimanci dikilofenak kuwa, ciki da ƙoda yake jawo wa wahala. Daga nan ne wani zai ce a gwada tiramol na masu tallan magani a bakin kasuwa. Ka ji tsoron wannan shawarar. Ranar farko za ka ji sauƙi, bayan makonni jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta koma biyu, kuma kowa a Garwa da Marwa ya san inda hanyar take ɓullewa.

Babban kuskuren, a ganina, shi ne yanke ƙauna da maganin da ya dace. Likita ya rubuta wa kawu amitiriftilin, wanda farmasi ke sayarwa da sunan Laroxyl, miligiram 10 da dare. Kwana huɗu ya ajiye shi: baki na bushewa, barci ya yi yawa, ciwo na nan. Ga wani maƙwabci ya leƙa takardar cikin kwalin ya ce ai na masu ciwon damuwa ne. Haka ne, amma a wannan ɗan ƙaramin awo don jijiya ake bayar da shi, kuma sai ya yi mako 2 zuwa 4 kafin a ga aikinsa, likita na ƙarawa kaɗan-kaɗan. Mai ciwon zuciya ko wahalar fitsari ya faɗa tun a ɗakin likita, akwai wasu magungunan jijiya a madadinsa, gabafentin da firegabalin. Su ma suna sa jiri, ana rage su ga mai ciwon ƙoda, kuma ba a yanke su rana ɗaya. Inda aka samu filastar lidokayin mai kashe zafi, awa 12 ake liƙa ta a cire na awa 12, kan fatar da ta warke.

Tsaga, ƙaho da sakiya, a bar wa wanzami kayansa. Ba mugun jini ba ne a wurin, sabon rauni kawai za a ƙara wa jijiya.

Sai maƙale hannu a ƙirji don gudun zafi. Kawu ya yi haka har kafaɗar ta sage, ɗaga ta ya zama wani ciwon daban. A riƙa motsa ta kullum a hankali, a sa riga mai laushi ta auduga, a rufe wurin a lokacin sanyin hunturu.

Idan hannun ya fara rauni, kofi na suɓucewa, ko zafin ya haɗu da nauyin ƙirji da gumi, asibiti za a nufa ranar. Matashin da zona ta kama kuma ya yi gwajin sida (ƙanjamau) da na suga, kada kunya ta hana shi.

Kawu ya koma kan maganin. A mako na uku ya fara barci har asuba, duk da cewa in sanyi ya sauko, har yanzu da ɗan zane a kafaɗa yake hawa keken ɗinki.