Kurakuran da Masu Shirya Wasan Resilin Suka Fi Yi a Legas

Na gaji da ganin matasanmu na Agege da Idi-Araba suna haɗa jari su kafa kamfanin kokawar zamani, wato resilin, amma kafin wata shida a ji sun naɗe tabarmarsu. Tunda a wannan wasa ana tsara wanda zai yi kaye tun kafin a hau dandali, yawancin asarar daga hannun mai tsarawa take fitowa.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne gaggawar haɗa manyan gwanaye biyu, kuma ni kaina na ɗanɗana kuɗarsa. Ina da 'yan kokawa biyu da jama'a suka ƙosa su ga karonsu, sai kuɗin hayar zaure ya matsa mini, na haɗa su tun a wasa na uku. A daren zaure ya cika maƙil, har na ɗauka kakata ta yanke saƙa. A wasa na huɗu kuwa kuɗin ƙofa bai biya man janareta ba, domin ba sauran abin da zai sa mutum ya rufe rumfarsa a kasuwar Mile 12, ya sha cunkoson motoci ya zo kallo. Kamfanin resilin na WCW da ke Amurka ma ya yi hakan a watan Yulin 1998, inda ya nuna karon manyan gwanayensa, Goldberg da Hulk Hogan, kyauta a talabijin maimakon ya sayar da kallonsa. Yanzu ba na haɗa irin wannan karo sai an shafe wata uku ana cacar baki, kowannensu yana kayar da na ƙasa da shi.

Na biyu ya fi ba ni haushi. Don Allah ku daina karɓar jari daga hannun ɗan wasa! Ranar da ya zuba kuɗinsa, ranar ya daina yarda a kayar da shi, kai kuma kunya ta hana ka magana. Yarjejeniyar Hogan da WCW ta ba shi ikon sa baki a sakamakon wasanninsa, kuma a ranar 4 ga Janairun 1999 ya dunguri mai riƙe da kambu, Kevin Nash, da yatsa ɗaya, Nash ya zube, aka miƙa wa Hogan kambun, 'yan kallo suka ga an raina musu hankali. A watan Maris na 2001 abokin hamayyarsu WWF ya saye kamfanin. Ni da na gamu da mai irin wannan hali, sai da na ci bashi na mayar masa da kuɗinsa.

Sauran ƙanana ne. Kada a sa wasa a buɗaɗɗen fili a watan Yuni ko Yuli, domin ruwan Legas ba ya sallama. Kada kambu ya riƙa sauya hannu kowane wata. Ladan 'yan wasa kuma ina ware shi a ambulan tun kafin a buɗe ƙofa, na alƙalin wasa a sama.