Yadda Ake Gaisawa da Zaman Baƙunta a Gidan Mutumin Uzbekistan

Wanda Allah ya nufa da ziyartar kabarin Imamul Bukhari kusa da Samarkand, da wuya ya dawo bai shiga gidan wani ba. Mutanen ƙasar suna cewa baƙo ya fi mahaifi girma, kuma a bakinsu ake fara ganin haka. Ga yadda za ka bi da su.

Da farko ka yi sallama: "Assalomu alaykum", hannun dama a ƙirji, kai a ɗan sunkuye. Ƙarami ne ke fara yi wa babba. Mace kuwa, kada ka miƙa mata hannu, dafa ƙirji ya wadatar.

Na biyu, kula da kalmar "kai". Suna da guda biyu: "sen" ta yara da aminai, da "siz" ta girmamawa. Riƙe "siz" ga kowa. Kada kuma ka kira suna gatsau. Haɗa shi da "aka", wato yaya namiji, ko "opa" ga mace. Daga nan sai tambayoyi su zubo, "Yaxshimisiz?", lafiyarka, mutanen gida, aiki. Ba dogon bayani ake jira ba. Ka ce "Rahmat", na gode, kai ma ka tambaya. Harafin x na cikin "Yaxshimisiz" daga maƙogwaro yake fitowa, kamar kh na Larabci.

Idan ka tarar da mutum yana aiki, ce masa "Hormang", ma'ana kada ka gaji. Zai amsa da "Bor bo'ling". Wannan ita ce "sannu da aiki" tasu, kuma ina son kalmar ƙwarai, domin addu'a ce aka mayar gaisuwa.

Na uku, wurin zama. Cire takalmi a ƙofa. Za a nuna maka can ciki nesa da ƙofa, wurin manya. Ka ɗan nuna kara kafin ka zauna. Da an zauna za a ɗaga hannu a yi gajeriyar addu'a, a shafa.

Sai shayi, inda baƙi suka fi kuskure. Maigida zai zuba a kofi ya mayar buta har sau uku, sannan ya miƙo maka bai kai rabi ba. Wannan ba rowa ba ce. Yana nufin zai yi ta ƙara maka da hannunsa, kofi cike kuwa kamar sallamar baƙo ne. Karɓa da hannun dama. Za ka ji "Oling, oling", ɗauki mana, sau ba adadi. Ko ka ƙoshi, gutsura burodin nan nasu, "non", kuma kada ka kife shi.

Kada ka miƙe kafin dattijon gidan ya yi addu'ar rufewa kowa ya ce "Omin". Sannan ka nemi izinin tafiya. Za su raka ka har waje suna cewa "Oq yo'l", wato farar hanya, ka amsa da "Rahmat, xayr", wato na gode, sai an jima.