Ku goge sandar ƙafa kafin ku naɗe ta

Ƴan uwa masu tuƙa motar ɗaga kaya, kafin ku mayar da ƙafafun ƙarfen nan masu tokare mota a ƙasa ciki, ku sa tsumma mai tsabta ku goge sandar nan mai sheƙi da ke fitowa daga silindar mai ta kowace ƙafa. Minti 2 ya isa.

Kun san ƙurar Yamai lokacin hunturu. Sanda na fita da ɗan maiƙo a jikinta, rairayi ya manne. Kana naɗe ƙafa, ya bi ta ciki, yana cin robar bakin silinda kaɗan-kaɗan har mai ya fara zuba. Na canza roba sau biyu a ƙafa ɗaya kafin na gane, kuɗin nan har yau yana mini ciwo.

Kada ku shafa mata giris, ƙura yake ƙara kamawa.

Amma in ka bi sandar da farce ka ji ƙarzuwa, gogewa ba ta magani, sabuwar roba ma yagewa za ta yi. In kuma ƙafa tana nutsewa ba ka ga ɗigon mai a ƙasa ba, ciwon na ciki ne, ko robar fistan ko bawul mai riƙe nauyi. A nan sai makanike.

Don Allah kada kowa ya kwance tiyon mai mota tana tsaye bisa ƙafafunta.