Yadda za ku shirya gasar waƙa a garinku ba tare da an tashi baram-baram ba

Duk mai zama gidan kallo ya san yadda ake ƙarewa da gasannin waƙa na talabijin irin su Nigerian Idol ko The Voice, ana fitar da gwanin mutum sai ka ji ya ce ai dama an gama shirya komai. Mu nan gefen Ringim bara bayan girbi samari suka ce su ma sai sun yi tasu, aka yi ɗin, sai wanda ya ci ya kasance ɗan yayan ɗaya daga cikin alƙalai. Wallahi yaron ya iya waƙa, amma wa zai yarda? Har yau akwai waɗanda ba sa gaisawa, abin yana damuna sosai, shi ya sa nake so masu niyyar yi bana su ji wannan.

Ku fara da mai unguwa da dagaci, ku faɗa musu rana da wuri da lokacin tashi. Sai ku rubuta doka a takarda a karanta a gaban kowa tun kafin a karɓi kuɗin fom, minti nawa kowa zai yi, baitinsa ne ko na wani, ba zambo, ba habaici, ba waƙar ɗan siyasa.

Toh maganar alƙalai ita ce uwa uba. The Voice da aka fara a Holan a 2010, ta shigo Najeriya a 2016, abin da ya sa mutane suka so ta shi ne a zagayen farko alƙalai baya suke juyawa, ba sa ganin fuska ko sutura sai murya kawai. Ku ba ku da kujera mai juyawa amma kuna da zana, ku kafa ta tsakanin alƙalai da mawaƙi, a kira lamba kar a kira suna. Sai dai fa a ƙauye zana kaɗai ba ta isa, don ko tari mutum ya yi an san ɗan gidan waye, saboda haka ku ɗauko alƙalai daga nesa, Gumel ko Haɗeja ko Kazaure, ku biya musu kuɗin mota. Su zama uku ko biyar don kar a yi kunnen doki, a samu malamin Hausa da ya san kari, wato ma'aunin waƙa, da amsa-amo, wato dacewar sautin ƙarshen baituka, da makaɗi, da wanda ya daɗe yana waƙa.

Wajen ba da maki kuwa ba sai mun je Turai ba, ku dubi tsarin musabaƙar karatun Alƙur'ani wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take shiryawa tun 1986, kowane alƙali da takardarsa, kowane ɓangare da makinsa. Tsarin kawai nake nufi, ba wai ina haɗa waƙa da karatu ba ne. Ku ware murya daban, kari daban, ma'anar baiti daban, kuma mawaƙi yana sauka kowane alƙali ya rubuta nasa a allo ya ɗaga jama'a su gani, ba a shiga ɗaki a ƙulla a fito ba.

Makirfo ɗaya, mai fiyano ɗaya, kowa da bakinsa. Kar ku yarda wani ya kawo waƙar situdiyo da kwamfuta ta gyara masa murya ya dinga motsa baki. In janareta ya mutu a tsakiyar waƙa a sake daga farko. Wanda zai fara da wanda zai rufe kuma a ja ƙuri'a, don na ƙarshe shi ke zama a kunnen mutane.

Sai zaɓen 'yan kallo, nan ne a talabijin ake yawan ƙorafi tunda mutum ɗaya yana iya jefa ƙuri'a da yawa ta waya, mai jama'a da kati ya doke mai murya. Mu a nan dangi ne katin, wanda gidansu ya fi yawa shi zai lashe. A gasar waƙa ta Turai mai suna Eurovision ba a barin ƙasa ta zaɓi kanta, ku ma ku yi haka, 'yan unguwa ba za su zaɓi ɗan unguwarsu ba. A ba kowa tikiti ɗaya ya jefa a ƙwarya, a ƙirga a fili, kuma kar zaɓen 'yan kallo ya wuce rabin maki, ni da za a bi ta tawa ma kashi ɗaya cikin uku ya isa. Liƙi kuwa mawaƙi ya kwashe abinsa Allah ya sa albarka, amma ko na dubu ɗari ne ba ya shiga lissafi.

In 'yan mata za su shiga a yi musu nasu rukunin da rana, da yardar iyaye. Kyauta kuma, keke ce ko waya ko buhun taki, a kawo ta filin tun ranar farko a damƙa hannun mai unguwa, shi zai miƙa wa wanda ya ci a daren da aka gama.