Kurakuran da aka fi yi wajen juya rubutu daga Word zuwa HTML (shafin intanet) ko EPUB (littafin karantawa a waya ko kwamfuta)

Fayil ɗin docx, wato wanda Word ke adanawa, ba takarda ba ce, kunshi ne na fayilolin XML (rubutu haɗe da alamomin tsarinsa) da aka matse wuri guda. Manhajar da ke juya shi, kamar Pandoc da John MacFarlane ya fara fitarwa a 2006, ba ta ganin abin da idonka ke gani a allo. Alamomin da ke ƙarƙashin rubutun kawai take karantawa, kuma daga nan yawancin ɓarnar ke tasowa.

Babban kuskure shi ne ƙirƙirar kanun babi da hannu. Mutum zai rubuta "Babi na Uku", ya kaurara shi, ya ƙara masa girma, ya kai shi tsakiya. A ido ya yi kyau, amma a wurin manhaja sakin layi ne kamar sauran. Sai littafi ya fito babu jerin babi, mai karatu a waya ya yi ta murza allo yana neman inda ya tsaya. Gyaran bai da wuya: ka ɗora wa kowane babi salon Heading 1, ƙananan sassa kuma Heading 2, su ne za su koma h1 da h2, alamomin kanu a HTML. Haka nan buga Enter sau goma don tura babi sabon shafi aikin banza ne, ana juyawa duk ya ɓace.

Sai wanda ya fi ci wa marubutan Hausa tuwo a ƙwarya, wato haruffa masu lanƙwasa. Idan ka ga "ƙasa" ta koma "Æ™asa", ko "ɗa" ya zama "É—a", rubutun bai mutu ba. An adana shi ne da tsarin adana haruffa na UTF-8 aka buɗe shi da wani tsarin, Windows-1252, wanda babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa. Kada ka zauna gyarawa ɗaya bayan ɗaya. Sake buɗe fayil ɗin da UTF-8, ka kuma tabbatar shafin HTML ɗin ya ambaci hakan a samansa. Wanda ya fi wannan ciwo shi ne tsofaffin fayilolin da aka buga da font na musamman, inda aka zana ƙ a gurbin wani harafi kamar q. Da an raba rubutun da font ɗin, q ɗin ce za ta bayyana. Nan dole a musanya su da ainihin haruffan Unicode (tsarin haruffa na bai-ɗaya da kwamfutoci ke amfani da shi) tun kafin a juya, a kuma yi hattara da sunayen waje irin Qatar.

Waƙafin sama na 'ya'ya da 'yan ma yana ba da wahala. Word na ɗaukar wanda ke farkon kalma a matsayin buɗe zance, sai ya juya masa fuska. A nemo su a daidaita.

A Markdown kuwa, wato tsarin rubutu zalla mai 'yan alamomi da Pandoc ke iya juya Word zuwa gare shi, layin da ya fara da shekara da aya, kamar "1960.", zai rikiɗe ya zama jerin lambobi sai an sa alamar \ kafin ayar. Idan zuwa HTML ko Markdown ake juyawa, hotuna ba sa fitowa daga docx da kansu, sai an ba Pandoc umarnin --extract-media.

Kuma kada a riƙa kai da komo tsakanin Word da Markdown, kowace juyawa sai ta zubar da wani abu, musamman tebur mai haɗaɗɗun gidaje. A tsayar da fayil ɗaya a matsayin uwa, duk gyara a yi shi a can.