Yadda Ake Bin Matakan Ladabtar da Likitan Gwamnati Har Hukunci Ya Tsaya da Ƙafarsa

Idan ƙorafi ya iso teburinka a kan wani likita da ke ƙarƙashin kulawarka, ko an ce ya bar wurin aiki a daren da yake kan duti har mai naƙuda ta galabaita, ko yana karkatar da majinyata zuwa asibitinsa na kuɗi, ko ya karɓi wani abu a hannu kafin ya shiga tiyata, aikinka na farko shi ne killace shaida tun kafin magana ta watsu. Ka sa a kawo maka fayil ɗin majinyacin a ranar, ka ƙirga shafukansa, ka sa wa kowane shafi lamba da sa hannu, a yi kwafi, sannan ka kulle na asalin. Ka haɗa da jadawalin duti na wannan makon, da littafin rahoton ma'aikatan jinya, da takardar ba da magani, da rajistar ɗakin tiyata. Idan asibitin na ajiye bayanansa a kwamfuta, ka nemi tarihin da ke nuna wanda ya buɗe fayil ɗin da lokacin da ya buɗe shi. Na taɓa zama a wani kwamiti inda aka bar fayil ya kwana uku a ofishin wanda ake zargi, kuma da ya dawo sai muka tarar da rubutu da wani biro daban a tsakanin layuka. Kowa ya gane abin da ya faru, amma babu wanda ya iya tabbatar da shi, kuma har yau abin yana damuna saboda iyalan matar da ta rasu ba su sami amsar da suka cancanta ba.

Bayan haka sai ka tantance hanyar da maganar za ta bi, domin likitan gwamnati yana ƙarƙashin iko uku ne a lokaci guda. Akwai gwamnatin da ta ɗauke shi aiki, wadda ke iya yi masa gargaɗi ko rage masa muƙami ko korarsa. Akwai hukumar da ta ba shi lasisi, wadda ita kaɗai ke da ikon hana shi aikin likita. Akwai kuma kotu, idan abin da ya aikata laifi ne a dokar ƙasa. A Najeriya, alal misali, ƙorafin da ya shafi lasisi yana zuwa Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori, inda kwamitin bincike zai fara duba shi kafin a miƙa shi ga kotun ladabtarwa ta hukumar, wadda ke iya yin gargaɗi, ko dakatar da likita na tsawon da bai wuce wata 6 ba, ko soke sunansa daga rajista, kuma daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara. A Birtaniya, tun daga 2012 aka raba aikin gida biyu: hukumar likitoci ta ƙasa tana bincike da gabatar da ƙara, wani sashe daban kuma yana sauraro da yanke hukunci. Kada kwamitin ma'aikata ya shiga hurumin da ba nasa ba. A shari'ar Denloye ta 1968, Kotun Ƙolin Najeriya ta rushe hukuncin da aka yi wa wani likita saboda masu ladabtarwa sun ɗora wa kansu yanke hukunci a kan zarge-zargen da dokar manyan laifuka ta tanada, alhali wannan aikin kotu ne. Saboda haka, idan zargin ya haɗa da sata ko fyaɗe ko makamancinsu, ka nemi shawarar lauyan ma'aikata kafin ka rubuta ko layi ɗaya.

A nan ne ya kamata ka fi yin tsanaki, wato wajen bambance rashin ɗa'a da mummunan sakamako. Majinyaci yana iya rasuwa a hannun likitan da ya yi duk abin da ya dace, kamar yadda wani yake iya warkewa a hannun wanda ya yi ganganci. Ma'aunin da kotuna da dama suka daɗe suna amfani da shi, tun daga shari'ar Bolam ta 1957 a Ingila, shi ne ko abin da likitan ya yi ya dace da abin da ƙwararrun fanninsa masu sanin ya kamata za su amince da shi. Wannan tambaya ce da jami'in mulki ba zai iya amsa ta shi kaɗai ba, don haka ka nemi ra'ayin ƙwararre a rubuce daga wani asibiti, wanda ba shi da alaƙar zumunci ko gaba da wanda ake zargi. Ka kuma tambayi halin da aka yi aikin a ciki: majinyata nawa ne a hannun likitan a daren, awa nawa ya yi bai huta ba, akwai jini a ma'ajiya, babban likitan da ke samansa ya amsa kira? Shari'ar Dakta Hadiza Bawa-Garba ta isa darasi. A 2011 wani yaro mai shekara 6 ya rasu a asibitin gwamnati da ke Lesta a Ingila, a ranar da take kula da ɓangarori da dama saboda ƙarancin ma'aikata, kuma na'urar da ke fitar da sakamakon gwaji ta sami matsala. Kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci a 2015, masu ladabtarwa suka dakatar da ita na wata 12 a 2017 bisa la'akari da gazawar asibitin, Babbar Kotu ta ba da umarnin soke sunanta a Janairun 2018, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta dawo da hukuncin dakatarwa a Agustan wannan shekarar. Manyan alƙalai ma sun saɓa wa juna a kan inda laifin mutum ya tsaya da inda na tsarin aiki ya fara, don haka bai kamata ƙaramin kwamiti ya ɗauka abu ne da za a gama a zama guda ba.

Idan binciken farko ya nuna akwai abin amsawa, sai ka rubuta takardar tuhuma, kuma galibin shari'o'in da ke rushewa a kotu daga wannan takarda suke samun lahani. Tuhumar da ta ce wa likita an lura yana sakaci da aikinsa ba ta ba shi abin da zai kare kansa a kai ba. Rubuta ranar da abin ya faru, da sashen, da ƙarfe nawa aka kira shi, da wanda ya kira shi, da ƙarfe nawa ya iso, da dokar aikin da ake ganin ya karya. Kowane zargi ya zama da lambarsa. Ka faɗi wa'adin amsa ƙarara, ka ba shi damar ganin duk takardar da za a yi amfani da ita a kansa, kuma ya sa hannu da kwanan wata a kwafin da zai zauna a wurinka. Idan ya ƙi karɓa, a rubuta hakan a gaban shaida. Ka guji kalmomin da ke nuna an riga an yanke masa hukunci, domin takardar tana neman ba'asinsa ne.

Game da dakatarwa kafin a kammala bincike, a yi ta ne kawai idan zamansa a wurin aiki zai jefa majinyata cikin haɗari ko zai ba shi damar taɓa shaida. Dokokin aikin gwamnatin tarayya a Najeriya sun tanadi cewa wanda aka janye daga aiki ta wannan hanya zai riƙa karɓar abin da bai gaza rabin albashinsa ba, kuma idan aka wanke shi a biya shi abin da aka riƙe. Sau da yawa cire shi daga ɗakin tiyata, ko sanya shi aiki a ƙarƙashin idon babban likita, ya wadatar, musamman a inda rashin likita ɗaya ke nufin rufe sashe guda.

Kwamitin da zai saurari maganar kada ya gaza mutum uku, kuma kada a sa wanda ya kawo ƙorafin, ko wanda zai ba da shaida, ko shugaban sashen likitan. A cikinsu a sami aƙalla likita ɗaya da ya san fannin. A sanar da wanda ake tuhuma rana da wuri a rubuce, a kira shaidu a gabansa, a bar shi ya yi musu tambayoyi, ya kawo nasa shaidun, kuma kada a karɓi wata takarda a bayan idonsa. Wannan haƙƙi na a saurari mutum kafin a hukunta shi yana cikin sashe na 36 na tsarin mulkin Najeriya na 1999, yana cikin sashe na 311 na tsarin mulkin Indiya ga ma'aikatan gwamnati, kuma a kansa ne kotun ƙoli ta Birtaniya a wancan zamani ta rushe korar wani shugaban 'yan sanda a shari'ar Ridge da Baldwin a 1963. Ka kula sosai da ƙananan ma'aikata da za su ba da shaida. Nas ɗin da za ta faɗi cewa ta kira likita sau huɗu bai zo ba tana tsoron abin da zai biyo baya, don haka a tabbatar mata a rubuce cewa shaidarta ba za ta shafi aikinta ba, kuma a cika wannan alkawari. Sunan majinyaci da bayanin ciwonsa kuwa amana ne, kada su fita daga ɗakin zaman.

Rahoton kwamiti ya bi zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi shaidar da aka karɓa da wadda aka ƙi da dalilin hakan. A ba likitan kwafi ya yi sharhi kafin a yanke hukunci; Kotun Ƙolin Indiya ta wajabta haka a shari'ar Karunakar ta 1993, kuma ko a inda doka ba ta tilasta ba, ina ganin yin hakan ya fi aminci. Sannan ka tabbatar da wanda ke da ikon sa hannu a kan hukuncin. Shugaban asibiti yana iya ba da gargaɗi, amma kora galibi tana hannun hukumar kula da ma'aikata ko hukumar gudanarwar asibitin, kuma takardar kora da ta fito daga ofishin da ba shi da wannan iko kotu za ta yi watsi da ita komai girman laifin, har ma ta ba da umarnin a mayar da mutumin bakin aiki a biya shi albashin shekarun da ya yi a gida. Lokaci ma yana da iyaka: dokokin tarayyar Najeriya sun sa kwana 60 don kammala shari'ar ladabtarwa, in ban da wadda ta shafi laifin da ke gaban kotu.

Wajen zaɓen hukunci, a duba girman cutarwar, da ko an taɓa yi masa gargaɗi a kan irin wannan, da ko ya faɗi gaskiya ko ya yi ƙoƙarin ɓoyewa. A ganina likitan da ya yi kuskure ya amsa ya fi cancantar sassauci a kan wanda ya canza rubutu a fayil, ko da cutarwar na farkon ta fi tsanani, domin na biyun ya lalata abin da kowane likita da zai zo bayansa yake dogara da shi. Takardar hukunci ta faɗi zargin da ya tabbata, da hukuncin, da ranar da zai fara aiki, da inda zai ɗaukaka ƙara da wa'adin yin hakan. Idan abin da ya tabbata ya shafi lafiyar majinyata, a aika wa hukumar lasisi rahoton a makon, domin likitan da aka kora yana iya samun aiki a wani asibiti da lasisinsa a hannu. A kuma kira wanda ya kawo ƙorafin a zaunar da shi, a gaya masa abin da aka gano da gyaran da aka yi a jadawalin duti ko tsarin kiran gaggawa, a rubuta ranar da aka yi wannan zama a cikin fayil ɗin kafin a rufe shi.