Luka sura ɗaya kullum har jajibirin Kirsimeti

'Yan'uwa cikin Almasihu, ba sai kun sayi littafin bimbini ba a wannan lokacin jiran zuwan Ubangiji. Ku ɗau Bisharar Luka, sura 24 ce cif, in kun fara 1 ga Disamba ranar 24 kun gama.

Ku riƙe biro kusa, duk inda Allah ya yi alkawari ku ja layi, inda ya cika ku sa alama. Zakariya ma da ya yi shakkar alkawarin samun ɗa har bakinsa ya rufe, ai matarsa Alisabatu ta haifi Yohanna. Ganin layukan nan da idonku yana kwantar da zuciya sosai.

Amma fa sura 1 aya 80 ce, ku raba ta safe da dare. Kuma in kun bari kwana uku suka taru, to karatun zai koma tsere, ba abin da zai zauna.